Rabin Numfashin Kalilu a Banza Yake Tafiya

Zuwa ga ƙanena Arzika a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Jibiya mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Gangara, gero kuma ya yi kyau a gonar Kusa. Na ba direba takardar ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Maganar autanmu Kalilu ce, kuma raina a ɓace yake ƙwarai. Shekara nawa yana tsotsar fetur da tiyo yana cika maka jarkokin da 'yan babur ke tsallakawa da su Maraɗi? Kai kana can kana yabon ƙarfin huhunsa, shi yana nan yana ƙwarewa da mai, yana tari har ya durƙusa. Yanzu daga ɗaki zuwa masallaci sai ya dafa bango. Amma ka buga masa waya ka ce lalaci ne, wai an gaya maka ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi, mai irin wannan numfashi ba ciwo gare shi ba. Haba Arzika, daga Fatakwal ka zama likita?

To ni na kai shi asibiti Katsina, a gabana aka auna shi. Sun ɗebi jini a jijiyar wuyan hannunsa, suka sa shi ya yi ta numfashi cikin wata jaka, sannan suka gwada gurɓatacciyar iskar da ke cikin jinin da wadda ya fitar. Likitar ta ce kowane mai lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na iskar da ya shaƙa ba ya kaiwa ga jini. Na Kalilu ya haura rabi. Ta ce akwai wurare a huhunsa da iska ke shiga ta tarar jini ba ya zuwa, sai ta juyo yadda ta je, kamar babbar mota ta iso boda ta iske an rufe. Wannan haki da kake kira lafiya, shi ne ciwon. Ta kuma ce in mai ya sake faɗa masa a huhu, ba ta da tabbacin za mu iso da shi Katsina da rai.

Jiki magayi, amma Kalilu ya fi jin kunyarka da jin jikinsa. Jiya na tarar ya wanke tiyon ya shanya. Na yi faɗa, Inna ta yi kuka, matarsa Bilki ta roƙe shi da cikinta wata bakwai. Ya sunkuyar da kai ya ce Yaya Arzika ya ce ranar Lahadi akwai lodi, shi kuma ba zai bari a ce masa malalaci ba.

Ni na goya ku duka biyu, ban taɓa roƙonka komai ba, yau ma ba roƙo nake ba. Ka kira shi kafin Lahadi, ka janye kalmar nan da bakin da ka faɗe ta. Tamu ba ya ji, taka yake ji. In ka yi shiru ya tafi lodin nan, kada ka zo mana gaisuwa.

Ka gaida Mu'minat da su Sadiq. Inna na gaishe ka, ba ta san na rubuto ba.

Yayarka,
Salmatu