Injin Maigidana Ya Fi Ƙarfina, Zan Sayi Nawa

Anti, ki taimake ni da shawara, amma tun da wuri ki sani ba izini na zo nema ba.

Ni tela ce. Shekara biyu ke nan maigidana yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Kafin ya kwanta, shi ke gyara duk bishiyoyin layinmu da injinsa na yankan itace. Yanzu mangwaron tsakar gidanmu ya tsage, wani ƙaton reshe ya sunkuyo daidai kan ɗakin da yake kwana, ga damina ta matso. Sau uku masu sara suna yi mini alkawari, har yau ko ƙeyarsu ban gani ba.

Na gwada ɗaga injin nasa, bayana ya ce bai san zancen ba. Shi ne na yanke shawarar in sayar da shi in sayi ƙarami. Wan mijina ya ji, ya zo ya cika mini falo da faɗa, wai mace da inji abin kunya ne. Shi da ko tsinke bai taɓa ɗauke mana ba! Shekara ashirin ina kwance keken ɗinki in sake haɗa shi da hannuna, sarƙar inji ce za ta gagare ni?

Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne. Tun ranar da na ambaci sayarwar, maigidan ya juya fuska bango, abinci ma sai na yi da gaske. Ina tausayinsa, amma wallahi ba zan zauna reshe ya danne shi don gudun bakin mutane ba. Wane iri zan saya?

Telar da ta gaji da jira

Ƙanwata, sayi injinki. Ki nemi ƙarami mai batir, wanda za ki riƙe da hannu biyu ba tare da kafaɗa ta yi rawa ba. Ki haɗa da tabarau, safar hannu da takalmi rufaffe, kuma kada mayafi ya yi lilo kusa da sarƙa. Kafin kowane aiki ki duba man sarƙar da ɗaurinta. Kada ki yanka da tsinin injin, tsalle yake yi ya nufo fuska.

Wan mijinki bai da gaskiya kan kunya, amma tsoro yana da wurinsa. Wannan reshen na sama ba naki ba ne. Ba a hawa tsani da inji, ko namiji ne. Yau ɗin nan ki sauya wa maigida ɗaki, ki nemo gwani ya sauke reshen da igiya. In ya taɓa ƙasa, sauran aikin naki ne.

Injinsa kuwa, kada ki sayar. A kunnensa, tamkar ce masa kika yi ba zai ƙara tashi ba. Ki goge shi ki rataye inda idonsa zai kai. Sannan ki ajiye masa kujera a inuwa, nesa kaɗan, ki roƙe shi ya koya miki wasa sarƙa. Daga ƙara kawai zai gane ta dakushe. Kina neman malami a jarida, alhali ga shi kwance a ɗakinki yana jiran a tambaye shi.

Allah ya ba shi lafiya, ya tsare mana hannuwanki.