Zuwa ga Inna, wadda ta ƙi shiga motata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Inna, na zauna rubuta miki wannan wasiƙa ne saboda jiya na dawo daga asibitin ido, kuma tun a hanya wata magana take cin raina. Magana ce da ya kamata ki ji daga bakina tun kina raye. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, sai yau na samu bakin faɗa.

Kin tuna yadda naki ciwon idon ya fara. Kina tafiya a tsakar gidanmu na Sabiyal sai ki yi karo da turmi, ko kafaɗarki ta bugi ƙyauren ɗaki. Idon ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ruwa. Muka ce tsufa ne. Na sayo miki kwalli da wani ruwan ɗigawa a kasuwar Jega, wajen mai talla, kika yi ta sawa don kada ki ɓata mini rai.

Sai da kika daina gane fuskar mutum, sai dai muryarsa, sannan muka kai ki asibiti a Birnin Kebbi. Mun tafi da zaton yanar ido ce, a cire ta ki dawo gida kina gani. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ƙara da cewa ciwon yana bin dangi, a kawo 'ya'yanki duka a auna su. Ni da na tsaya a kanki na ji maganar sarai, amma a bakin ƙofar asibitin na bar ta. Ke kika taho da ita gida.

Kusan shekara biyu kina tuna mini, ina cewa sai an gama damina, sai an cire albasa, sai bayan salla. Gaskiyar da ban taɓa faɗa miki ba ita ce tsoro nake ji. Direba ne ni, da sitiyari nake ciyar da gida, ina jin in na je za a ce in ajiye tuƙi.

Sai ranar da na ɗauko ki daga Maiyama, daga gidan Hajaru ƙanwata, kina zaune a gaba kusa da ni. Mun kusa Giwa Tazo wani mai babur ya fito daga hanyar gona ta ɓangarenki. Ke da ba ki gani, ke kika ji shi, kika dafe hannuna kina salati. Da na taka birki, buhun da ya ɗauro har ya goge jikin motar. Ban gan shi ba, Inna. Sam ban gan shi ba sai da ya zo gabana.

Na fita na yi ta faɗa da mutumin, na dawo ina cewa ganganci ne nasa. Sai da muka shiga gari, sannan kika ce, "Nau ma haka ya hwara. Ba ni ƙara shiga motarga taka sai an duba idonka."

Na ɗauka magana ce ta firgita, za ta wuce. Bayan mako uku aka yi suna a Maiyama. Na kawo mota har ƙofar gida, kika ce in tafi abina. Kika sa maƙwabciyarki ta riƙe miki hannu har tashar Aliero, kika shiga motar wani direba a gaban abokan aikina duka, kamar wadda ba ta da ɗa mai mota. Wuni guda ana tsokanata a tasha. Wani ya ce in uwar direba ta guji motarsa, su fasinja me suke jira. Na yi dariya tare da su, amma kunya ta hana ni cin abinci.

Da fushi na tafi asibitin, don in dawo in ce miki lafiyata ƙalau. Na karanta haruffan allo har na ƙasa, ina jin daɗi. Sai aka auna ƙarfin ruwan idon, aka sa kaina cikin wata na'ura, aka ba ni abin dannawa, wai duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Ta hagu na yi ta dannawa. Ta dama na zauna ina jiran haske, ashe yana ta zuwa yana wucewa. Likita ya nuna mini takardar, gefe guda ya yi baƙi. Ya ce da na ƙara wasu shekaru, da sai dai a ja ni. Ya rubuta maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rayuwata, ya kuma faɗi abin da nake gudu, cewa ɗaukar fasinja ya ƙare mini.

Da na gaya miki, ba ki ce ai na faɗa maka ba. Kika laluba kika kama kaina, kika shafa idanuna da babban yatsanki, kika ce, "Alhamdulillahi, an tarbe shi."

Ni kuwa ban gode miki ba. Na sayar da motar na koma harkar albasa a kasuwar Aliero, ina lodi cikin rana, kuma can cikin raina ina ganin ke kika raba ni da sana'ata. Ina zuwa gaishe ki kullum, amma gaisuwar a gajarce take, kin kuma sani. Duk da haka, da na yi sallama tambayarki ta farko ita ce ko na ɗiga magani. Har ciwon ajali ya kwantar da ke ba ki fasa ba.

To ga labarin jiya. Likita ya ce idon yana nan inda aka tsayar da shi, bai ƙara lalacewa ba. Hajaru ma an auna ta, an samu nata tun bai taɓa komai ba, tana kan magani. Yaranmu da suka girma duk mun kai su, kuma za mu riƙa komawa. A kasuwa har sunan likita suka sa mini, saboda duk wanda ya ce mini wani nasa ya makance ba tare da ciwo ba, ba na barinsa sai ya yi alkawarin zuwa awo.

Nana 'yata, wadda aka haifa bayan ganinki ya tafi, ta shiga aji uku. Da yamma takan kawo littafinta mu zauna a ƙofar gida, ina bin layi da yatsa tana karantawa. Fara ce kamar ke, kuma in ta yi dariya idonta na rufewa kamar naki. Ke ba ki taɓa ganin fuskarta ba, ni kuma kullum ina gani, kuma ta dalilinki ne.

Na gode, Inna. Ki yafe mini gajerun gaisuwar nan.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifiyata, Ka yalwata makwancinta, Ka cika shi da haske. Duhun da ta zauna a ciki shekara bakwai ba ta yi ƙorafi ba, Ka sa ya zama kaffara gare ta. Ka buɗe mata idanunta a Aljanna, Ka kuma sa in zo inda take ta gan ni. Amin.

Ɗanki na fari,
Ummaru
Aliero