Ledar da Ɗanka Bai Karɓa Ba

Zuwa ga Baba Ilu, Funtua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gida, ina kuma fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Mu nan Woodbridge lafiya ƙalau, sanyi ne ya fara shigowa. Jikokinka suna gaishe ka. Da Turanci suka ba ni saƙon kamar kullum, ni na juya maka.

Na san ba ka leƙa waɗannan shafukan na intanet, amma ba za a rasa mai karanta maka ba. A waya ba ka ba ni fili. Kana amsa gaisuwata da kyau, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, da zarar na ce ga ɗanka nan kusa sai ka ce a gaishe shi, kana da baƙi. Baba, baƙin nan naka sun kusa shekara ba su tashi ba. Shi ya sa na biyo ta nan.

Labarin dai shi ne an mayar wa ɗanka, maigidana Baban Sadiya, izininsa na aikin lauya. Zai koma tsaya wa mutane a gaban kotun shige da fice kamar da. Na ga ya dace ka ji daga bakina, ka kuma ji yadda aka yi, domin kana cikin maganar fiye da yadda kake zato.

Kai ka ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan yana ɗalibi. Ba ka san shi ba, an dai ce maka yaro ne daga wajenmu. Ka ba shi ɗakin ƙasa a gidanka na Lanham, kana sauke shi a makaranta da tasinka kafin ka ɗauki fasinjan farko. Ni ma da aka kawo ni ina amarya gidanka aka sauke ni, kuma kai ka yi wa Sadiya huɗuba. Ba kai nake tuna wa ba, masu leƙo mana nake gaya wa.

Da ya buɗe ofis a Springfield ka fi shi murna. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma halin da ya kayar da shi a wurinka ya koya. Kai kake cewa wanda ya zo ƙofarka da takarda ba takardar ya kawo ba, kansa ya kawo. To ɗanka ya ɗauki maganar nan ya buɗe ofis da ita. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, mutanen Gana, duk wanda ya yi sallama da Hausa sai ya ce kawo. Fayil har ƙarƙashin kujera. Na sha gaya masa cewa a'a ba zagi ba ne, ya ce ni ban san zumunci ba.

Yana can yana fama da shari'un wasu, wa'adin ɗaukaka ƙarar mutum biyu ya wuce. Ɗayansu ya kai ƙorafi, kuma yana da gaskiya. Jiha ta dakatar da lasisinsa shekara biyu, hukumar da ke sa ido a kan lauyoyin shige da fice ta bi sahu. Ya sanar da mutanensa, ya miƙa fayilolinsu ga wasu lauyoyi, ya cire allon sunansa ya jingina a gareji. Ya koma kai magani gidajen tsofaffi da mota, kullum yana kan titin 95, ni kuma na ƙara kwanakin aiki a asibiti. Ban yi kuka ba. Ina dai tashi in tafi in dawo.

Mu mun ɗauka in wa'adi ya cika shi ke nan, sai ya kakkaɓe allo ya mayar. Ashe ba haka ba ne. Sai jiha ta fara mayar wa mutum da lasisi, sannan ya rubuta wa hukumar ya roƙa, ya kuma nuna cewa tun ranar da aka dakatar da shi bai taɓa aikin ba. Lauyan gwamnati yana da damar ya ce bai yarda ba. Jiha ta mayar, ɗanka ya rubuta, ya yi rantsuwa cewa bai yi aiki ba, kuma wallahi har cikin ransa haka ya yi imani.

Lauyan gwamnati ya ce bai yarda ba. Ashe akwai wani bawan Allah da ɗanka ya cika wa takarda a kan bonet ɗin mota bayan an sauko Juma'a. Akwai kuma wani da ya raka ganawa da jami'ai, ya zauna a gefe a matsayin ɗan'uwa, da ya ga mutumin zai kwafsa ya sa baki. Ko sisi bai karɓa ba. A wurinmu in mutum ya ce duba min wannan, ba aiki ya ba ka ba, kamar ya ce kama min kaya ne. Su kuwa suka ce aiki aiki ne, ko a ofis ko a bakin masallaci, ko an biya ko ba a biya ba. Aka ƙi shi, aka ce sai ya sake jiran shekara kafin ya nema. Lauyarsa, wata dattijuwar Baturiya, ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya ƙara taɓa takardar wani, to ya nemi wata sana'ar.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ya daina tsayawa gaisawa bayan Juma'a. Ya daina zuwa suna da walima, don ya san ba za a rasa takarda a ninke a aljihun wani ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce ƙasar ce ta cinye shi.

A cikin shekarar nan ka zo. Ranar Lahadi ce bayan azahar, ina tuƙa tuwo. Ka shigo da farar ledar kanti a hannu, ka zauna a kujerarka, aka gaisa. Sannan ka miƙa masa ledar. Sammaci ne daga kotun shige da fice. Dukanmu mun san takardunka ba su taɓa daidaita ba tun zuwanka, magana ce dai ba ma yi.

Ina tsaye a bakin kicin na ga hannunka a miƙe, na ga nasa biyu a tsakanin gwiwoyinsa. Ya yi ta bayani kansa a ƙasa. Ya ce an hana shi, ya ce ko buɗewa ba zai iya ba, ya ambaci wata ƙwararriyar lauya ya ce zai kai ka har ƙofarta. Kai ka ɗauka ofis aka rufe masa, ba falonsa ba. Hannunka ya daɗe a miƙe. Sannan ka ce, ni ban fito neman lauya ba, wurin ɗana na zo. Ka mayar da ledar kan cinyarka.

Na kawo tuwo ka ce ka ƙoshi. Tunda nake ban taɓa ganin ka bar gidan nan ba ka ci ba. Ya bi ka har mota, ka sa masa albarka ta taga, ka ja. Da ya dawo ya zauna a inda ka tashi. Na kwashe kwanukan na sa a firji.

Ba ka je wurin lauyar ba. Mun kira, mun aika, ni da kaina na zo Lanham, ka karɓe ni da fara'a ka ce ai an bar wa Allah. Sai daga baya na gane abin da ka ɗauka. Ka ɗauka in har Baban Sadiya ya ƙi ko dubawa, to ya hango babu mafita ne, kunya ta hana shi faɗa. Ranar zaman kotu ka tafi kai kaɗai cikin babbar rigarka, ka ce wa alƙali ba sai an kore ka ba, za ka tafi da ƙafarka. Ka sayar da tasi, ka bar 'yarka Nafisa da mahaifiyarta. A filin jirgi mutane sun cika, ɗanka yana can baya, ba wanda ya matsa ya ba shi hanya.

Ita lauyar da ka ƙi zuwa wurinta ta ji labarin bayan ka tafi. Ta ce mutumin da ya daɗe haka a ƙasar, ga 'ya da aka haifa a nan tana fama da sikila, da akwai hanyar da za a gwada. Ba ta ce tabbas ba. Ɗanka ma ya san hanyar, ya san ta tun ledar tana hannunka. Amma ko ya ce maka kada ka yarda ka tafi, kana da hujja, a ganinsa ya ba da shawarar lauya ke nan. Tsoro ya sa ya haɗiye, kuma abin yana cin sa har yau.

Shekara ta cika, aka sake nema. Wannan karon lauyarsa ta ce rantsuwarsa kaɗai ba za ta isa ba tunda an taɓa samun ta da tangarɗa, sai an kawo shaidu. Limaminmu ya rubuta, mai kantin maganin da yake yi wa aiki ya rubuta. Sai ta tambaye shi ko akwai wanda ya nemi taimakonsa ya ƙi, wanda za a iya nunawa. Ni na ba ta labarinka, ta ajiye biro ta ce wannan shi ake nema. Ta sa na rubuta abin da na gani a falona, na ɗaga hannu na rantse. Na rubuta cewa kai ne ubansa a ƙasar nan, cewa ka miƙa, cewa bai karɓa ba, cewa yanzu kana Funtua. Lauyan gwamnati bai yi jayayya ba.

Amsar ta zo ta gidan waya a tsakiyar takardun talla. Ya karanta a tsaye ya miƙo min, na karanta na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da yanka albasa. Na jira murna ta zo, ba ta zo ba. Baƙin ciki ma bai zo ba. Ina jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Mutanen da suka daina gaishe shi sun fara kira ana barka, wasu tun ba su gama barkar ba sun ce akwai wata 'yar takarda.

Babana, ban rubuto don in wanke shi ba, ni ma ban san ko ya wanku ba. So nake ka san cewa fitarka daga gidan nan ita ce ta mayar masa da aikinsa. Duk wanda zai tsaya wa daga yau, a bayanka zai tsaya. Ranar Litinin zai buɗe ofis, kuma ina ganinsa yana guga rigunansa kamar wanda za a kai wurin ta'aziyya.

In yafewar ta yi maka nauyi yanzu, ka yi masa faɗa. Ka kira shi ka wanke shi tas, ka ce masa butulu in ka ga dama, zai durƙusa ya saurara. Jiha ta hukunta shi, hukuma ta hukunta shi, duk ya ɗauka ya gama. Naka ne bai zo ba, kuma shi kaɗai yake jira.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba Nafisa sauƙi, ya haɗa fuskokinku kai da ita. Allah ya saka maka da abin da ka yi mana kana sane, da wanda ka yi mana ba ka sani ba. Ya sanyaya zuciyarka a kan ɗanka. Amin.

'Yarka,
Bilkisu, Maman Sadiya.