Motar da ke Sansanar Mai

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ruwan Fatakwal? Ya ƙafar Anti Binta?

Raina a ɓace yake. Ka ce in sayi ƙaramar mota tunda kullum sai na je aiki Kano, na ƙi ji, na ɗauko wata ja 'yar Kwatano mai gudu. Dillali ya rantse ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi. Kwana uku allurar mai ba ta motsa ba, ina ta sa masa albarka. Ashe allurar ce matacciya! Ran Juma'a mai ya ƙare mini a kan gadar Wudil, shanun kasuwa suna wuce ni.

Ka gaida yara, a sa ni a addu'a. Don Allah kada ka ce, "Ai na faɗa maka."

Ƙaninka,
Musbahu