Ragon Goggo Ya Ci Garin Aladu

Pitowa, 4 ga Zulhajji

Zuwa ga 'yata Nafisatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a Garwa. Maganar nan ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba direba takarda.

Buhun da kika ajiye a zaurena kika ce garin bitamin ne, wata Émilienne za ta zo ɗauka. Wata guda shiru. Na ce bitamin ai bitamin ne, na dinga barbaɗa wa ragon layyata a dusa. Ya yi ɓul-ɓul, har maƙwabta na leƙowa.

Jiya Agnès maƙwabciyata ta karanta Faransancin jikin buhun, ta dafe kai. Ta ce, "Goggo Hindu, wannan fa na aladu ne!"

Kaina ya kulle. An zuba alade a garin ne? Ragon ya halatta ko ya tashi daga rago? Shekara guda ina kiwonsa. Kuma me ya haɗa ki da kayan aladu, ke da kike karatun likitan dabbobi?

Goggonki, Hindu

Garwa, 6 ga Zulhajji

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ki kwantar da hankalinki, babu ko ƙwayar alade a garin nan, bitamin ne da gishirin ma'adinai. Amma ki daina ba shi, ba awon rago ba ne.

Sauran maganar ce mai nauyi. Binciken kammala karatuna a kan aladu nake yi, a gonar Émilienne, wadda rashin lafiya ya hana ta zuwa ɗaukar buhun. A hanjin kowace dabba akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Muna duba ko bitamin na canza su, har jiki ya canza yadda yake tara kitse. Kashinsu kawai nake ɗiba, da safar hannu. Cikinsu ya yi kama da na mutum, abin da muka gano zai iya amfanar masu fama da ƙiba.

Shekara biyu ina ce miki "dabbobi". Tsoro nake ki ce in bari, kuma in kin ce, zan bari. Ke kika raine ni. Ki yafe mini.

'Yarki, Nafisatu

Pitowa, 8 ga Zulhajji

Nafisatu,

Na gaishe ki. Na karanta sau uku, na ƙara rikicewa. Halittun nan, yanzu sun koma cikin ragona ke nan? Kuma cikin wa ya yi kama da na alade? Ba dai nawa ba!

Na kai wa Malam Adoum, malamin unguwarmu, buhun. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce rago rago ne, in yanka abina. Da na kawo zancenki ya ce cin alade aka hana, sauran sai ya duba littafi.

Ni ba aladun ne suka fi ƙona mini rai ba. Shekara biyu kina cin tuwo a gabana kina ɓoye mini. Na yi kuka, ki sani. Ban yanke shawara ba tukuna.

Hindu

Pitowa, 11 ga Zulhajji

Nafisatu,

Barka da Sallah. An yanka, kitse har ya yi yawa. Na zazzage hanjin na duba, ban ga halittar kowa ba.

Ga cinya nan wurin direba. Ki ƙarasa karatunki. Amma ki wanke hannu sau bakwai kafin ki taɓa mini nama.

Goggonki