Jan Fenti a Bangon Ɗakina

Zuwa ga ɗana Muttaka,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Kabira da yara. Ni ma alhamdu lillahi, ƙafafu ne kawai.

An shafa wa gidajenmu na unguwar Rusaifa, a nan Makka, jan fenti. Umarni ya zo daga sama cewa a rushe duk abin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, a gina dogayen benaye. Umda, wato mai unguwarmu, da ya daɗe yana hana a taɓa lungunmu, ya ce yanzu ba shi da ta cewa.

Na roƙi Bandar, jikan mai gidan da nake ciki, ya ajiye mini lungu a sabon ginin. Ya ce, "Ya Hajji, can sai mai iƙama, takardar izinin zama. Ba mutuwa ka zo yi Makka ba? Me kake jira?" Ya yi dariya, ya miƙo mini ruwa.

Na ji kun mai da ɗakina na can gida shago, tunda kun gaya wa mutane cewa a nan Makka za a binne ni. Kada ka tashi mai shagon. Ina ƙoƙarin kada in kunyata ku, in cika a nan kafin masu rusau su iso.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Badamasi