Muryar Nasiru

Daren Laraba, Sabo.

'Yata Hajara ta zo daga Ojoo da la'asar, ko zama ba ta yi ba. "Baba, an tsare ɗana Nasiru a ƙasar da ya je. Ya ɗauki bidiyon titin gidajen rawa, fuskokin mutane suka fito ba izininsu. Sun karɓe fasfonsa, sai kotu."

Lauyansa ya sa an rufe shafin da yake saka bidiyoyinsa.

Na sha yi wa jikan nan faɗa kan bidiyoyinsa. Amma kullum bayan isha'i su nake kunnawa. Idona ba ya gani sosai, muryarsa nake so a ɗakin nan.

Yau na kunna waya, shiru. Allah, Ka dawo da shi ina da rai.